Na sauke Linux Mint, me zan yi da waɗannan ƙananan fayilolin biyu?

Nura: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da dare na sauke Linux Mint, tsarin aikin kwamfuta irin su Windows, na ɗora a filas da manhajar Rufus, amma ana tsakiyar girkawa sai ya tsaya, wai wani fayil ya lalace. A shafin da na sauko na ga wasu ƙananan fayiloli biyu, sha256sum.txt da sha256sum.txt.gpg, ban bi ta kansu ba. Suna da alaƙa da matsalata?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sabis ne ya yanke maka. Ka sake saukewa kawai, ko ka biyo ta shago da filas ɗinka in zuba maka.

Nura: Malam, data ce damuwar, kusan giga uku fa. Kafin in sake ƙona wata ina so in san ko fayil ɗin ne ya lalace ko filas ɗin ce ba ta da kyau.

Sadiq: Ai wannan fayil na farko don irin ranar nan aka ajiye shi. Buɗe shi da Notepad, za ka ga dogayen layuka na lambobi da haruffa, kowanne da sunan fayil a gabansa. Kowane layi baƙi 64 ne. Lissafi ake yi a kan duk abin da ke cikin fayil, daga farko har ƙarshe, sai a fitar da wannan lambar. Ko ɗigo ɗaya ya sauya a cikin giga ukun nan, lambar za ta hargitse gaba ɗaya. Kai ma sai ka sa kwamfutarka ta yi lissafin a kan wanda ka sauke. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a cikin foldar, ka rubuta:

certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256

Ka ɗan jira, zai fito da tasa lambar. In ta zo ɗaya da ta cikin sha256sum.txt, fayil ɗinka lafiya lau yake. A Linux sha256sum ne, a Mac kuma shasum -a 256.

Malam Habu: Tabɗi. Mutum ya zauna yana gwada baƙi 64 ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba allo? Ni kwastoma na tsaye a kaina yana jira.

Sadiq: Ba da ido ake yi ba Malam. Ka kwafi lambar da ta fito, ka danna Ctrl+F a cikin Notepad ɗin, ka liƙa. In ya gano ta shi ke nan. Rufus ɗin da kake aiki da shi kullum ma yana yi, akwai wani ɗan maɓalli mai alamar maki kusa da inda ake zaɓen fayil.

Nura: Na gwada. Sun zo ɗaya, Notepad ya haska layin gaba ɗaya.

Sadiq: To fayil ɗinka ƙalau yake, ka zargi filas. Kuma yanzu hankalinka kwance, ka san na asali ne, babu wanda ya saka masa hannu.

Injiniya Rabi: Ƙanina Sadiq, har zuwa "ka zargi filas" ina tare da kai. Jimlar ƙarshen nan ce ban yarda da ita ba. Abin da lambar ta shaida shi ne fayil ɗin da ke kwamfutar Nura daidai yake da fayil ɗin da aka yi wa wancan lissafin. Ba ta faɗi wanda ya yi lissafin ba.

Sadiq: Anti, ai daga shafinsu ya ɗauko.

Injiniya Rabi: Wannan shafin nasu dai, shi aka kutsa ranar 20 ga Fabrairun 2016. 'Yan dandatsa sun shiga shafin Linux Mint, suka karkatar da maɓallin saukewa zuwa wata sabar ta daban, inda suka ajiye Linux Mint 17.3 Cinnamon da suka haƙa wa ɓarauniyar hanya a ciki. Jagoran aikin, Clement Lefebvre, shi ya fito da kansa ya sanar, ya ce duk wanda ya sauke a ranar ya watsar. Wanda ya yi kutsen daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa har lambar tantancewar da ke shafin ya musanya da ta gurɓataccen fayil ɗin. Ka ga wanda ya bi shawararka a ranar, lamba za ta zo masa ɗaya cif, ya girka abinsa yana murna.

Kamar ka aiko min da kaya ta tasha ne, ka rubuta jerin abin da ke ciki a takarda, ka cusa takardar a cikin buhun. Duk wanda ya iya kwance buhun ya sauya kaya, rubuta sabuwar takarda ba zai gagare shi ba. Takardar tana da amfani in buhu ya yage a hanya wani abu ya zube. In ɓarawo ne ya biyo, ba ta tsinana komai.

Baba Ɗanladi: Yawwa. Ga inda nake so a zo. 'Yata, to fayil na biyun nan mai .gpg fa?

Injiniya Rabi: Shi ne sa hannunsu, Baba. Masu aikin suna da mabuɗi kashi biyu. Ɗaya na sirri ne, yana wurinsu, ba a kan sabar da shafin yake ba. Ɗayan na fili ne, kowa na iya ɗauka. Da na sirrin suke sa hannu a kan sha256sum.txt, sai ya haifar da wancan mai .gpg. Kai kuma da na filin kake dubawa. Wanda ya kutsa shafi zai iya sauya ISO, wato babban fayil ɗin girkawa, ya sauya lamba, amma ba zai iya ƙirƙiro sa hannun da zai dace da mabuɗinsu ba tunda na sirrin ba ya hannunsa. Bayan ka shigar da mabuɗinsu na fili, sai ka rubuta:

gpg --verify sha256sum.txt.gpg sha256sum.txt

In ka ga Good signature, jerin lambobin daga gare su ya fito. In ka ga BAD signature, kada ka ko buɗe ISO ɗin. Masu Windows sai su girka Gpg4win. Ubuntu ma haka suke yi, nasu sunansu SHA256SUMS da SHA256SUMS.gpg. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1991 Phil Zimmermann ya fitar da PGP, manhajar irin wannan sa hannun, GnuPG (wato gpg) ɗin da muke aiki da shi kuma Werner Koch ne ya fara shi a Jamus a 1997.

Sadiq: To ai mun koma gidan jiya. Mabuɗin filin daga ina zan samo? In daga shafin ne, mai kutse ya ajiye nasa mabuɗin, ya sa hannu da shi, gpg ya ce min Good signature.

Injiniya Rabi: Madalla, yanzu ka yi tambayar. Haka ne. Shi ya sa gpg ke biyo Good signature da wani gargaɗi, cewa ba shi da tabbacin mabuɗin na wanda aka ce ne. Mutane da yawa suna tsorata da gargaɗin, wasu kuma ko karantawa ba sa yi. Abin da yake nufi: aikin gane mai mabuɗin naka ne. Kowane mabuɗi yana da tasa lambar shaida, galibi baƙi 40. Ita za ka nema a wurare daban-daban waɗanda ba mutum ɗaya ke riƙe da su ba: littafin jagorar girkawa, tsofaffin tattaunawa na shekarun baya, tsohon kwafin shafin a Internet Archive, ko kwamfutar da ta daɗe da mabuɗin a ciki. Mai kutse zai iya kama shafi ɗaya na kwana ɗaya. Ya koma baya ya gyara abin da ke warwatse a intanet tun shekaru, wannan wani aiki ne. Kuma sau ɗaya za ka sha wahalar. Da zarar ka ajiye mabuɗin, duk sabon fitowa da shi za ka riƙa dubawa, ranar da ya ƙi dacewa sai ka tsaya ka tambayi dalili.

Nura: Anti ki liƙo mana lambar shaidar mabuɗin Mint ɗin a nan mana, mu huta.

Injiniya Rabi: Ba zan liƙo ba. Kai ka san ko ni ce ke riƙe da wayar nan yanzu? Ka nemo ta a wurare biyu, sannan ka turo min in gwada da wadda ke kwamfutata, in zama ta uku.

Malam Habu: Ku yi haƙuri, ni fa duk wannan turancin bai shige ni ba. Na daɗe a sana'ar nan. Abin da nake da shi a hadis ɗina na gwada shi a kwamfutocin mutane ba adadi, babu wanda ya dawo ya ce an sace masa kuɗi. Wanda zai kutsa shafin Turawa me zai nema a laftof ɗin ɗalibin da ko kuɗin data ba shi da shi?

Mamman Damagaram: Malam Habu ya faɗi abin da ke bakin mutane da yawa. Mu ma nan haka ake yi, daga hadis ɗin mai gyara zuwa filas, daga filas zuwa wata. Babu mai sanin inda kwafin farko ya fito.

Injiniya Rabi: Malam, da girmanka, rashin dawowa ba shaida ba ce. Wanda aka kwashe wa kalmar sirrin Facebook ko ta imel ta wani abu da ke ɓoye a fasasshen Office, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa daga shago ya kwaso ba. Zai ce an yi masa kutse, ya buɗe sabon asusu. Kuma ba shi ɗin ake hari ba, taru ake zubawa. Laftof ɗin talaka ma tana da amfani a wurinsu: a haƙa kuɗin kirifto da ita, a aika saƙonnin damfara da sunansa, ko a haɗa ta da dubbai a afka wa wani shafi. Abin da aka dasa a Mint ɗin nan na 2016 irin na ƙarshen ne, kwamfuta ta zauna tana jiran umarni daga waje.

Amma bari in zo maka ta inda zai taɓa aljihunka. Filas nawa aka taɓa kawo maka an rubuta 64GB a jiki, ka zuba kaya ta karɓa, ka zo buɗewa rabi ya lalace?

Malam Habu: Kai, wannan kam kullum. Jabun filas sun cika kasuwa.

Injiniya Rabi: To ka lissafa lambar fayil a hadis ɗinka, ka kwafa a filas, ka zare ta ka mayar, ka sake lissafawa. In sun saɓa, ka kama jabu tun kwastoma bai bar shago ba, babu mai dawowa gobe ya ce kai ka ba shi lalataccen Windows. In kana da 7-Zip, danna fayil da maɓallin dama, akwai CRC SHA a jerin. Shi kansa Windows ɗin, Microsoft suna wallafa lambar SHA256 ta ISO a shafin saukewa, ka gwada na hadis ɗinka da ita ka ga ko na asali kake rabawa.

Malam Habu: Wannan kuma magana ce. Zan gwada, amma ban yi alkawarin gpg ba.

Ummi: Sannunku. Ni ma na bi bayanin Yaya Sadiq a kan wani fayil da na sauke, lambar ta fara da e3b0c442, ko kusa ba ta yi kama da ta shafin ba. Bairos ne?

Injiniya Rabi: 😂 Ummi duba girman fayil ɗin. Na san lambar nan kamar lambar wayata, ita SHA-256 ke bayarwa in fayil babu komai a cikinsa. Suna kawai ya sauka.

Ummi: Wallahi 0 KB ne. Na gode Anti.

Sadiq: Wata tambayar. Wasu shafukan wata irin lambar suke bayarwa, MD5, gajeriya, baƙi 32. Tana wadatarwa?

Injiniya Rabi: Don gane ko sabis ya yanke maka fayil, tana yi. Don tsaro, a'a. Tun 2004 masu bincike a Sin, ƙarƙashin Wang Xiaoyun, suka nuna ana iya haɗa abubuwa biyu daban masu MD5 ɗaya. A 2012 aka gano manhajar leƙen asirin nan Flame ta bi ta wannan raunin ta ƙirƙiri takardar shaida kamar daga Microsoft ta fito. SHA-1 ma ta bi sahu a Fabrairun 2017, lokacin da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da PDF biyu daban da lamba ɗaya. In an ba ka zaɓi, ɗauki SHA-256 ko SHA-512.

Kuma masu duba baƙi huɗun farko da huɗun ƙarshe su ce ya yi, a daina. Daidaita 'yan baƙaƙe kaɗan ba ya yi wa mai kwamfuta mai ƙarfi wuya.

Baba Ɗanladi: Ni tsoho ne, bari in tambayi abin da nake gani. In na ga adireshi ya fara da https, ba shi ke nan ba?

Sadiq: Baba, wannan yana nufin babu mai leƙe ko sauya abin da ke tsakaninka da shafin ne kawai. Shafin ɓarayi ma yana iya samunsa, kyauta ma. Har Chrome sun cire alamar kwaɗon nan ta gefen adireshi a 2023 saboda mutane na ɗaukarta a matsayin shaidar gaskiya.

Injiniya Rabi: Kuma a nan aka fi kama mutane, ba ta kutsen shafin asali ba. Ka rubuta sunan manhaja a Google, talla ta fito a sama, ka danna. A ƙarshen 2022 har FBI sai da ta yi gargaɗi a kan wannan. A 2023 an yi wa KeePass, manhajar adana kalmomin sirri: aka buɗe shafin bogi, k ɗin farkon sunan aka sa mata 'yar alama kamar waƙafi a ƙasa, wani harafi ne daban, ga https ɗinsa lafiya lau. Mu da muka saba da k da ƙ ma sai mun ƙura ido kafin mu gani a ƙaramin allo. Shafi irin wannan in ya ga dama har lambar SHA-256 zai ba ka, kuma za ta dace.

Ga masu Windows, abu mafi sauƙi kafin a buɗe kowane .exe: maɓallin dama, Properties, Digital Signatures. A duba sunan wanda ya sa hannu, a shiga Details a ga ko ya ce sa hannun yana da kyau. In manhajar babban kamfani ce amma babu wannan sashen sam, ko sunan wani kamfani ne da ba ka taɓa ji ba, a dakata.

Malam Habu: To in sa hannu ya yi daidai, an gama ko? Don in san inda wahalar ta ƙare.

Injiniya Rabi: Da na so in ce maka e. CCleaner 5.33, wanda na tabbata ya taɓa zama a hadis ɗinka, a 2017 ya fito da sa hannun kamfanin Piriform na gaskiya, daga shafinsu na gaskiya, da mugun abu a ciki. An shiga inda suke haɗa manhajar ne tun kafin a sa hannu. Kwamfutoci miliyan 2.27 suka girka shi. Na xz, manhajar matse fayiloli ta Linux, kuma ya fi ban tsoro. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince masa, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a 5.6.0 da 5.6.1, ya sa hannu da mabuɗinsa halastacce. Andres Freund ne ya bankaɗo shi a ƙarshen Maris 2024, saboda ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ta SSH na ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyalewa.

Malam Habu: Ahaf! Kin dawo kan maganata. In duk an bi an duba kuma a ƙarshe a sha, me aka yi ke nan?

Sadiq: Haba Malam. Don wani ɓarawo ya taɓa shigowa ta rufi ba za a daina kulle ƙofa ba.

Injiniya Rabi: Irin na CCleaner da xz sai an yi shiri na watanni ko shekaru, kuma in ya fashe duniya ke ji, a ce sigar kaza ce, a cire ta. A ranar ma lambar ce za ta gaya maka ko wadda ke hadis ɗinka na cikin gurɓatattun. Haka masu HandBrake, manhajar sauya bidiyo, suka yi a Mayun 2017 da aka kutsa ɗaya daga sabobinsu aka sauya na Mac, suka wallafa lambar mugun fayil ɗin kowa ya gwada nasa. Amma abin da ke cin mutanenmu yau da gobe ba wannan ba ne. Shafin bogi ne, da fasasshiyar manhaja, da fayil ɗin da ya bi hannu goma. Waɗannan duban minti biyu na kama mafi yawansu. Fasasshiyar ma ba ta da abin da za a gwada ta da shi, tunda an riga an taɓa ta da gangan, sai dai ka yarda da wanda ya fasa.

Mamman Damagaram: Hajiya, ki sauko kan waya, don mu nan ita ce kwamfutarmu. Ana turo APK, wato fayil ɗin manhajar Android, ta Xender ko Telegram, a girka. Yaya ake duba wannan?

Injiniya Rabi: Android ya ɗan rage mana aiki. Kowane APK sai da sa hannun wanda ya haɗa shi, kuma waya ba ta yarda a ɗora sabo a kan tsoho sai mabuɗinsu ɗaya. Saboda haka in kana da na asali daga Play Store, aka turo maka wani wai sabo ne, ka zo girkawa ta ce App not installed, mai turowar ya ce "goge tsohon tukuna", ka yi hattara. Wani lokacin rashin wuri ne ko tsohuwar siga, amma sau da yawa wayar tana gaya maka ne hannun da ya sa wannan ba shi ya sa wancan ba. In ka goge tsohon, ka cire abin da take gwadawa da shi. Mai kwamfuta zai iya duba takardar shaidar da apksigner verify --print-certs.

Ummi: GBWhatsApp fa? Duk ƙawayena shi suke yi saboda ganin saƙon da aka goge.

Sadiq: Ba na WhatsApp ba ne, wasu ne suka buɗe na asalin suka gyara suka sa nasu hannun. Kamfanin tsaro na Kaspersky sun samu mugun abu mai suna Triada a cikin irinsa, FMWhatsApp, a 2021, suka sake samunsa a YoWhatsApp a 2022. Yana iya karanta saƙonnin tes, ya yi wa mutum rajistar abubuwan biya bai sani ba. Ga shi su WhatsApp ɗin suna rufe layin da suka kama da irinsu.

Mamman Damagaram: In na ɗora a VirusTotal, shafin nan da ke duba fayil ko da bairos, ya nuna kore duka fa?

Injiniya Rabi: Yana nufin injinan da ke can ba su san shi da laifi ba tukuna. Sabon abu kan wuce su. Yana da amfani, musamman da yake kana iya liƙa lambar SHA-256 kawai ka bincika, ba sai ka ƙona data wajen ɗora fayil ba, kuma za ka ga ranar da aka fara ganinsa. Manhajar da ake cewa miliyoyi na amfani da ita, a ce babu wanda ya taɓa ɗora irin naka, wannan kaɗai abin tambaya ne. Sai dai kada a ɗora takardun sirri ko na wurin aiki, masu biyan kuɗi a can suna iya sauke abin da aka ɗora.

Baba Ɗanladi: To daga yau ga doka a gidan nan. Duk mai turo fayil ɗin manhaja ya haɗo da adireshin shafin asali da lambar SHA-256. Wanda babu, zan goge.

Injiniya Rabi: Baba a ƙara da cewa mai saukewa ya je shafin asalin ya gwada da lambar can, ba wadda mai turowa ya rubuto ba.

Baba Ɗanladi: An ƙara.

Malam Habu: Su fasassun fa, Baba? Ba su da shafin asali.

Baba Ɗanladi: Su dama ba a nan ba, Habu. Ka sani sarai.

Malam Habu: Na ji. Injiniya, na danna maɓallin dama a Windows 11 ban ga CRC SHA ɗin ba.

Injiniya Rabi: Shiga Show more options tukuna, sannan 7-Zip, yana ciki. Ka zaɓi SHA-256, kada ka danna mai tauraro, shi duka zai lissafa ya ɓata maka lokaci.